3.2 Shigowar Darasin Kwamfuta Makarantun Firamare na Birnin Kebbi da Argungu

Ba za a fahimci halin da darasin kwamfuta ya sami kansa a wannan yanki ba sai an koma shekarar 1982, tun Kebbi tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. A shekarar ce aka fara aiwatar da tsarin ilimi na 6-3-3-4, wanda ya kawo darasin share fagen fasaha a ƙananan sakandare. Gwamnatin Tarayya ta sayo injunan koyarwa daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Bulgeriya, aka rarraba wa jihohi. To amma a makarantu da yawa na ƙasar nan akwatunan sun yi shekaru ba a buɗe su ba, domin babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da zai harhaɗa su.

Ita kuwa kwamfuta, a 1987 ne Ministan Ilimi, Farfesa Jibril Aminu, ya kafa kwamiti a kanta, aka kuma fitar da manufar koyar da ita a 1988. An fara gwaji ne a kwalejojin Gwamnatin Tarayya, bai sauko firamare ba. Ko da ya sauko, da wuya ya sami masauki, domin a 1991, wato shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi, an rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa, aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin makarantu. Albashin malamai kansa ya zama abin kokawa, har aka maido da hukumar a 1993.

An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a ranar 30 ga Satumba, 1999, aka yi masa doka a 2004. Manhajar 2007 ce ta mayar da kwamfuta darasi mai zaman kansa a firamare, kafin gyaran 2012 ya cusa shi cikin darasin kimiyya da fasaha. Wato dai darasin ya shiga jadawali kafin kayan aikinsa su iso, kamar yadda ya faru a 1982.

Abin mamaki a nan shi ne, Birnin Kebbi mahaɗar lantarki ce. Babban layin da ya taso daga madatsar Kainji a nan yake sauka, daga nan kuma wani layin ya wuce Yamai tun 1976. Duk da haka, makarantun ƙauyuka da dama da ke bakin fadamar gulbin Rima ba a ja musu waya ba. A irin waɗannan makarantu, malamin lissafi ko na kimiyya akan miƙa wa darasin. Sai ya zana hoton na'urar da alli a kan allo, yara su kwafa, su haddace sunayen sassanta da Ingilishi. Yaro zai iya cin maki mai yawa a jarrabawa ba tare da ya taɓa danna madanni ko sau ɗaya ba. Bai dace a ɗora wa malamin laifi ba. Ko da ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da takardar NCE, abin da ya tarar a aji shi ne allo da alli. Haka kuma, manufar ilimi ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, amma manhajar kwamfuta da Ingilishi aka rubuta ta, alhali ɗan aji biyu a Argungu da Hausa yake tunani.

Illar wannan giɓi ta fito fili a 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu gaba ɗaya ta kwamfuta. Daga shekarar, ɗan manomin shinkafa ko ɗan masunci da ke neman gurbi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, dole ne ya zauna gaban na'urar, agogo yana tafiya, tare da yaran da suka saba da ita tun suna makarantar kuɗi.