Daga Sallamar Zaure Zuwa Sallamar Aiki: Tarihin Gayyatar 'Yan Wasa a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A bakin 'yan fim na ƙasar Hausa kalmar "sallama" ma'ana biyu gare ta. Akwai sallamar da baƙo ke yi a ƙofar gida kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi, akwai kuma sallamar da furodusa ke yi wa ɗan wasa bayan an tashi daga aiki, wato biyan haƙƙinsa. A wannan maƙala ina so in bi sawun yadda ake gayyatar ɗan wasa tun kafin zuwan kyamara, domin matasan da ke shirya gajerun finafinai a unguwarmu ta Gobarau da sauran lungunan Katsina su san abin da suka gada. Ra'ayina shi ne, wasan kwaikwayon Hausa bai taɓa tsayawa da ƙafar kuɗi kaɗai ba. Duk lokacin da sallama ta biyu ta yi ƙaranci, ta farkon ce ke riƙe sana'ar.

Kafin zuwan kyamara

Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, shaida ce ta birnin da ya saba karɓar masu neman abu a wurin masu shi. Ɗalibi ba ya faɗa wa malami kai tsaye. Wani ne ke gabatar da shi, a san ɗan wane ne, a san daga ina ya fito. Haka tsarin yake a fagen nishaɗi. Mai biki idan yana son makaɗi, goro yake aikawa ta hannun wanda ɓangarorin biyu suka sani, karɓar goron kuwa alkawari ne. Wasannin da suka haifi wasan kwaikwayonmu, irin su tashe a watan azumi, da kalankuwa bayan kaka, da wasan gauta na matan fada, kowanne yana da shugabanni masu raba matsayi. Yarinya ba ta shiga dandali sai da sanin gida. Abin lura a nan shi ne, gayyata ba ta kasancewa tsakanin mutum biyu kawai. Kullum akwai na uku, shi ne shaida.

Zamanin makaranta da majigi

Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ta yaye mutanen da suka ɗora harsashin adabin Hausa na boko, ciki har da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A makarantu irin wannan ne wasan kwaikwayo ya koma rubutacce, malami ya zama mai zaɓen 'yan wasa. Daga nan majigi ya shigo, aka shirya finafinan wayar da kai irin su Baban Larai a shekarun 1950, domin ƙarfafa noman auduga. A wannan zamani hukuma ce mai gayyata, ta hannun hakimai da dagatai. Tsari ne mai kiyaye mutunci, amma ba lallai ya bar wa ɗan wasa damar cewa a'a ba. Ladabin da babu zaɓi a cikinsa rabin ladabi ne.

Littafin Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa ya zama fim a 1976 a hannun Adamu Halilu, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Shi kuwa ɗan wannan gari, Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, ya rubuta wasan Kulɓa Na Ɓarna, wanda shi ma daga baya ya zama fim. Mutanen wannan zango, su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna suka yi tashe, inda ɗan wasa ke da maigida a sana'a. Mai son aiki da yaro, ubangidansa yake fara gaisarwa.

Ƙungiyoyi da bidiyo

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. A ganina wannan zango ne ya fi kama da halin da mai gajeren fim yake ciki a yau: kuɗi kaɗan, kayan aiki na aro, 'yan wasa 'yan ƙungiya. Abin da ya sa aikin ya yiwu shi ne kowa ya san gaskiyar aljihun kowa tun kafin a fara. Da kasuwa ta buɗe, sunan Kannywood ya bayyana a ƙarshen shekarun 1990, aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, wayar salula kuma ta shigo Nijeriya a shekarar. Daga nan gayyata ta bar zaure ta koma kunne. Aka samu sauri, aka rasa shaida.

Illar hakan ta fito fili a 2022, lokacin da tsohuwar 'yar wasa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa akan sallame ta da 'yan dubbai kaɗan, wani lokaci Naira 2,000. Wasu furodusoshi suka musanta, muhawara ta yi zafi. Ba hurumina ba ne in yanke hukunci a tsakaninsu. Abin da ya ja hankalina shi ne, gardamar ta yi tsawo ne saboda yarjejeniyar baka ce, wadda ba rubutu ba shaida.

Abin da tarihin ke koya mana

Yau YouTube ya sauƙaƙa fitar da aiki, kuma nasarar Izzar So na Lawan Ahmad, ɗan Bakori, ta sa matasan Jihar Katsina da dama ɗaukar kyamara. Sai dai saƙon "akwai aiki, ka zo lokeshan gobe" da ake jefa wa mutum a WhatsApp da tsakar dare ya saɓa wa duk abin da na zayyana. Wanda ya san tarihin nan zai fara da gabatar da kansa da wanda ya haɗa su. Zai aika labarin da matsayin da yake so a taka, domin ɗan wasa ya san da wace fuska zai fito a gaban jama'ar da zai ci gaba da zama cikinsu. Zai faɗi kwanakin aiki, da kuɗin mota, da abinci, da adadin sallama, ko kuma ya ce babu tun da wuri, ya rubuta hakan a gaban shaida. Idan dattijo ne, zai taka ya same shi. Idan budurwa ce, zai nemi yardar iyayenta, ya yi gwajin a wurin da jama'a ke gani, domin ita ce za ta ɗauki nauyin tsegumi bayan kowa ya watse. Wanda aka gwada ba a ɗauka ba, a sanar da shi, kada a bar shi yana jiran gawon shanu. Wanda ya ƙi kuma, a yi masa godiya.

Kammalawa

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma mai ƙaramin jari ya fi kowa bukatar wannan magana. Amma fara'a ba ta biyan bashi. Goron da kakanninmu ke aikawa gaisuwa ne kuma alkawari ne a gaban shaida, shi ya sa yake da nauyi. Matashin da ya haɗa waɗannan biyu a saƙonsa na farko, ko da waya yake ɗaukar fim a gindin hasumiya, zai samu masu amsa kiransa a karo na biyu.