Bin Bakin Kanal Daga Tiga

Wanda ke son sanin dalilin arhar tumatir a Kano lokacin hunturu, ya ajiye mota a gindin madatsar Tiga, a ƙasar Bebeji, ya bi bakin kanal da ƙafa. Ni na fi son bin sa da hantsi, hazo bai gama washewa ba, mata na wanki a gefe, yara na korar awaki.

Daga kudu ruwan yake gangarowa, ta wajen duwatsun Riruwai a Doguwa, ya ratsa dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada kafin a tare shi. A zamanin Gwamna Audu Bako aka aza ginin, a 1971, aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya durƙusar da Arewa. Bangon ƙasa ne, tsawonsa wajen kilomita 6. Abin da ke burge ni shi ne babu injin da ke tura ruwan nan. Gangare kawai aka auna, shi ke kai shi Ruwan Kanya a ƙasar Rano, daga can ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Bunkure, ɗaya Kura da Garun Malam.

Kafin Tiga, mai lambu da jigo yake ban ruwa a fadama: doguwar sanda, dunƙulen laka a wutsiya, guga a gaba, a ja a juye har kafaɗa ta sage, fangali kaɗan ne za su sha. Jikansa a Kadawa kuwa bututun roba yake tsomawa a ƙaramin kanal, ya toshe bakinsa ɗaya da tafin hannu, ya fizgo shi ya kwantar a kan gaɓa, ruwa ya kama zuba cikin alkama shi kaɗai.

Sai dai rabon bai zo daidai ba. Ƙauyukan da tafkin ya cinye tashi suka yi. Manomin da gonarsa ke kan tudu yana kallon ruwa na wucewa, in ba shi da kuɗin inji da fetur sai ya jira damina. Can ƙasa kuma, wajen Haɗeja da Nguru, ambaliyar da ke ciyar da fadamu ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Dattawan Bebeji na da nasu abin tunawa: watan Agustan 1988, da madatsar Bagauda ta ɓalle ta tafi da gidaje da gonaki.