Daga Madugu Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Tazarar da ke Tsakanin Mai Aikin Hannu da Mai Saye

Tun kafin a datse Kogin Kwara a Kainji, ƙasar Yawuri mashiga ce ta fatake. Ayarin da ya taso daga Kano zai nufi Gwanja yakan ratsa wannan yanki kafin ya ƙetare ruwa zuwa Borgu, ya doshi kasuwar Salaga inda goro ke jira. A bayan jakunan akwai kanwa, akwai turkuɗi da baƙin yadi, riguna masu aiki, takalma, jakunkuna da kayan doki. Birnin Yawuri, tsohuwar gadar sarauta da yau take cikin ƙaramar hukumar Ngaski, ta ga irin wannan kai-komo shekara da shekaru. A wannan ƙasa ne Richard Lander da ƙanensa John suka yada zango a 1830, suna cigiyar takardun Mungo Park, wanda ya halaka a Bussa a 1806.

Kowace riga da ke cikin kayan nan hannun wani ne ya ɗinka ta, kowace jaka wani baduku ne ya ɓata kwanaki a kanta. Amma wanda ya saya a Salaga bai san sunansu ba, bai ma nemi sani ba. Madugu ya sani, da dillali, da mai masauki. Wannan tazara ta tsakanin mai yi da mai saye ita ce tsohuwar matsalar da matashin da ke tallar zanensa a Instagram yau yake ƙoƙarin warwarewa, kuma tarihinta yana nuna abin da waya ta sauya da abin da ta bari yadda yake.

Ayyuka huɗu na ɗan tsakiya

Fatauci mai nisa bai taɓa tafiya da kaya kaɗai ba. Akwai ayyuka huɗu da dole wani ya ɗauka. Na farko nemo mai saye. Na biyu tsayawa a matsayin jingina, domin baƙo ba ya ba baƙo amana sai da wanda ya san su duka biyun. Na uku karɓo kuɗi da ƙirga su, aikin da ba ƙarami ba ne a zamanin wuri, lokacin da kuɗin babban ciniki kansa kaya ne da sai an nemo masu ɗauka. Na huɗu isar da kaya lafiya, ta cikin dazuzzuka da mafitai da ƙasashen sarakunan da kowannensu ke karɓar nasa rabo.

Hausawa sun rarraba waɗannan ayyuka tsaf. Madugu ne ke da hanya da sasantawa da sarakuna. Fatoma ko mai gida shi ke saukar da baƙo, ya adana kayansa, ya tsaya masa idan aka sayar bashi. Dillali shi ke haɗa baki biyu, ya ci la'adarsa. Tsarin ya yi aiki ƙwarai. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zauna a Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin Kano da ake kai wa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara, kuma jimillar tufafin da birnin ke fitarwa ta kai wuri miliyan 300. Sai dai a cikin wannan lissafi duka, masaƙi da marini suna ƙarshen layi. Suna karɓar farashin bakin marina, riba kuwa tana ƙaruwa ne da kowane zango da kaya suka yi nesa da su.

Fatar da ta rasa sunan garinsu

Babu misalin da ya kai na fata bayyana wannan. Jar akuyar Sakkwato, wadda makwabta a Nijar ke kira ta Maraɗi, tana da fata mai laushi da ƙarko. Majema sukan jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, fatake su ɗauke ta su ratsa Sahara zuwa biranen Arewacin Afirka. Daga can take shiga jirgin ruwa zuwa Turai, inda masu ɗaure littattafai ke rububinta. Sunan da Turawa suka san irin wannan fata da shi kuwa shi ne fatar Maroko. Sunan gaɓar da aka yi lodi ya rufe sunan ƙasar da aka yi kiwo, aka yi jima. Ko da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya zuwa Legas, sunan bai dawo gida ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A tsakiyar ƙarni na 20 wata sabuwar kasuwa ta buɗe, ta sassaƙe-sassaƙen Afirka da masu tara kayan fasaha a Faransa da Amurka suka kwaɗaitu da su. Nan ma Hausawa, musamman na Nijar, suka shiga gaba. Sukan bi ƙauyuka su sayo, su kawo Abidjan, daga baya su riƙa kai wa har Paris da New York. Masanin ɗabi'un al'umma Christopher Steiner, wanda ya zauna da irin waɗannan 'yan kasuwa a Abidjan, ya bayyana a littafinsa na 1994 yadda buƙatar mai saye ta juya sana'ar. Bature yana son tsohon abu, wanda aka yi amfani da shi a tsafi ko bikin gargajiya, wanda ba a san mai shi ba. Saboda haka sabon sassaƙe sai a turara shi da hayaƙi, a shafa masa ƙasa da abubuwan da za su dusashe shi, har ya yi kama da na kaka da kakanni. A irin wannan kasuwa, sunan masassaƙi mai rai rage daraja yake yi. Ɓoye shi wani ɓangare ne na cinikin.

Haruffa biyu a gindin tukunya

Labarin Ladi Kwali ya bi wata hanya dabam. An haife ta wajen 1925 a Kwali, ƙasar Gbagyi, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana cikin masu ajiye tukwanenta, kuma a gidansa ne Michael Cardew, wani maginin tukwane ɗan Ingila da gwamnati ta ɗauko, ya fara ganin aikinta. Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950. Ladi ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko a cikin maginanta.

Siffar randunanta da zanen kada da kifi da ƙadangare da take yi a jikinsu duk daga gida ta zo da su. Abin da cibiyar ta ƙara shi ne wuta mai tsanani, da ruwan ƙyalli, da wani ƙaramin abu mai babban tasiri: hatimi. Ana buga wa tukunya tambarin Abuja da haruffan Larabci, a gefensa kuma haruffa biyu na boko, LK. Da aka baje kayan cibiyar a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, mai saye ya san hannun da ya gina abin da ya saya. Daga nan lambar girma ta Ingila ta biyo baya a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Amma ko a nan ɗan tsakiya bai kau ba. Cibiya ta gwamnati, da Bature mai sanin manyan Landan, da gidan baje koli, su ne suka yi ayyukan nan huɗu. Bambancin kawai shi ne wannan karon sun tafi da sunan tare da kayan. Haka ya kasance ga masu zanen zamani da suka fito daga kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1958. Suna sa hannu a aikinsu, amma hanyar isa ga mai saye ta ratsa gidajen baje koli, waɗanda a faɗin duniya sukan riƙe kusan rabin farashi. Kuma daraja takan hau ne bayan aiki ya bar hannun mai shi. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, wanda ya yi a 1974, an yi gwanjonsa a Bonhams ta Landan a 2018 a kan fam miliyan 1.2, shekara 24 bayan rasuwarsa.

Da waya ta shigo

Wayar salula ta bazu a Najeriya daga 2001. An kafa Etsy, kasuwar intanet ta masu aikin hannu, a 2005, Instagram kuma a 2010. Cikin 'yan shekaru, aikin farko na dillali ya faɗo hannun mai sana'a. Mai zayyanar allo, da mai ɗinkin hula, da mai zana fuskoki da fensir, kowa na iya ɗaukar hoton aikinsa ya nuna wa duniya ba tare da neman izinin kowa ba. Abin da tsohuwar kasuwar Abidjan ke ɓoyewa ya zama abin talla. Bidiyon hannu yana aiki, daga layin farko zuwa na ƙarshe, shi ne hatimin wannan zamani, domin gani ya kori ji.

Ƙololuwar wannan fata ta zo a 2021. A watan Oktoba, gidan gwanjo na Christie's ya sayar da ayyukan Osinachi, wani matashi daga Aba wanda ke zane da manhajar rubutu ta Microsoft Word, ta hanyar shaidar mallaka ta intanet da ake kira NFT. Ya yi suna ne a intanet kafin manyan gidaje su neme shi. Sai dai a shekarar da ta biyo baya kasuwar NFT ta faɗi warwas, ta bar masu zane da yawa da suka shiga a makare riƙe da kayan da babu mai taya.

Sauran ayyuka ukun ba su faɗo da sauƙi haka ba. A batun kuɗi, lokacin da PayPal ya shigo Najeriya a 2014, ya ba da damar biya ne kawai ban da karɓa, abin da ya mai da ɗan Najeriya mai saye amma ba mai sayarwa ba. A watan Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu kuɗin kirifto, bai sassauta ba sai Disambar 2023. A batun hanya, kuɗin aika zane ɗaya zuwa Turai na iya cinye ribarsa, kuma dokar kayan tarihi ta hana fitar da tsofaffin kaya ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba, don haka mai sabon sassaƙe kan buƙaci nuna cewa nasa sabo ne. A batun amana kuwa, mai saye na tsoron ya tura kuɗi kaya ba su zo ba, mai sayarwa na tsoron sanarwar banki ta bogi. Babu fatoman da zai tsaya wa kowa.

Dandalin kansa ma sabon dillali ne. Etsy ya ɗaga la'adarsa daga kashi 5 zuwa 6.5 cikin ɗari a Afrilun 2022, dubban masu sayarwa suka rufe shagunansu na mako guda don nuna fushi, amma ƙarin ya zauna. A Instagram da Facebook, lissafin na'ura ne ke zaɓar wanda zai ga hoto, kuma ba a zama da shi a sasanta kamar yadda ake yi da madugu. Kasuwar kuma ana iya kulle ta dare ɗaya. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan jihohin makwabta saboda matsalar tsaro. Duk wanda shagonsa ke cikin waya, a waɗannan watanni ba shi da shago.

Inda aka kwana

Mutanen gaɓar Kainji sun san yadda kasuwa ke ƙaura. Da aka kammala madatsar a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni, mafitai da hanyoyin da aka saba suka canza. 

Darasin ya shafi mai zane a Wara ko Yelwa ko Shanga yau. Mabiya a dandali na mai dandalin ne, amma lambobin mutanen da suka taɓa saye, suka gamsu, na mai sana'a ne, kuma su ne ke kawo wasu. Da yawa daga masu cin nasara sun sake gina tsohon tsarin da sabbin kaya: ɗan'uwa a Kano ko Abuja da ke karɓar kaya daga direban tasha, wani a ƙasar waje da ke karɓar kuɗi, rabin farashi kafin a fara aiki, sauran bayan an gama. Wannan fatoma ne da madugu a sabuwar riga, sai dai yanzu mai aikin ne ke zaɓarsu, yana kuma sanin farashin ƙarshe.

Doka ma ta ɗan matso. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 1988 ta tanadi cewa mai zane yana da rabo idan aka sake sayar da aikinsa ta gwanjo ko ta hannun dila, an kuma sabunta dokar baki ɗaya a 2023. Amma babu wanda zai nemi rabo a kan aikin da ba a iya tabbatar da nasa ne ba. Shi ya sa sa hannu da kwanan wata a jikin aiki, da ajiye hotonsa da bayanin wanda ya saya da nawa, suka fi kowace dabarar talla muhimmanci. Majemin Sakkwato bai samu damar yin haka ba, fatarsa ta tafi da sunan wata ƙasa. Ladi Kwali ta samu, har yau kuma masu gwanjo a Landan sukan juya tukunya su duba gindinta kafin su yanke mata farashi.