Tsarin Sansanonin Horar da Soja a Nijeriya Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da Matsayin Hausa a Cikinsu

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin yaɗuwar Hausa sun fi mayar da hankali ga fatauci da almajiranci da zaman zango. Ba kasafai ake tsayawa a kan sansanin soja ba, alhali nan ne dubban samari waɗanda ba Hausawa ba suka fara jin harshen, suka kuma koye shi ala tilas. Wannan maƙala za ta dubi yadda aka tsara sansanonin horo tsakanin 1939 da 1945, da irin zaman da aka yi a cikinsu.

2.0 Dalilin Kafa Sansanonin

Kafin yaƙi, rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, wato RWAFF, ƙarama ce, kuma barikoki irin na Kaduna da Kano da makarantar kurata ta Zariya, wadda aka buɗe a 1924, sun wadatar. Faɗuwar Faransa a watan Yuni na 1940 ita ta sauya al'amari, domin Nijar da Dahome sun bi gwamnatin Bishi mai ɗasawa da Jamus. Janar Giffard, wanda hedkwatarsa ke Acimota a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ya shiga faɗaɗa runduna cikin gaggawa. Aka ɗora wa sarakuna da hakimai nauyin kawo samari, wasu da son ransu, wasu kuwa dagaci ne ya nuna su. Kafin ƙarshen yaƙi 'yan Nijeriya fiye da 100,000 sun sa kaki. Tsofaffin barikoki ba su iya ɗaukar wannan taro ba, sai aka koma karkara ana share daji.

Da aka yanke shawarar tura sojan zuwa Bama, inda za su kara da Japan, aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 a 1943. Daga nan horo ya karkata zuwa kurmin ƙasar Yarabawa, irin su Ede da dajin Olokemeji, don mutumin da ya tashi a fili ya saba da duhuwa.

3.0 Fasali da Zaman Yau da Kullum

Zuciyar sansani ita ce filin fareti. A bakin ƙofa akwai gadurum, inda sintiri ke tsayuwa, nan kuma ake tsare mai laifi. Kusa da shi ake ajiye ofis da ɗakin makamai. Bukkokin sojoji an jera su layi-layi, kowane kamfani da nasa, yawanci da laka ko zana da rufin ciyawa, domin kwano da siminti sun yi wuya. Ramukan bahaya suna can baya, filin koyon harbi kuwa a wajen sansani, inda tudu zai tare harsashi. Hafsoshi Turawa suna da unguwarsu da ɗakin cin abincinsu a gefe guda, saje-sajen Turawa su ma da nasu dabam. Duk wanda ya dubi wannan fasali ya ga tsarin mulkin mallaka a shimfiɗe a ƙasa: tazarar da ke tsakanin bukka da bukka ita ce tazarar muƙami da launin fata.

Begila ke tayar da mutane tun da asuba. Sai motsa jiki da fareti kafin rana ta yi zafi, sannan kwance bindiga da haɗa ta, da sukar banati, da doguwar tafiya ɗauke da kaya. Takalmi kansa darasi ne, don sojan wannan runduna sun daɗe suna fareti ba takalmi, kuma yaƙin ne ya sa aka game raba shi. Akwai kuma rukunin 'yan dako, waɗanda aka horar su ɗauki harsasai da sassan igwa a ka, kuma da su ne Runduna ta 81 ta ratsa kwarin Kaladan a 1944, inda mota ba ta shiga. Albashin ƙaramin soja wajen sule guda ne a yini. Horon laifi ya haɗa da gwale-gwale da yanke albashi, har da bulala, wadda tuni aka daina yi wa sojan Ingila.

Babban sauyin da ba a cika lura da shi ba shi ne na tukunya. A barikin zaman lafiya soja yana zaune da matarsa, ita ke dafa masa abinci, kuma matan kowane kamfani suna da magajiya mai sasanta rigima da kula da tsabta. A sansanin yaƙi galibi babu iyali. Aka koma girkin taro, Bazabarme da Badakkare da Tibi da Ibo suna layi ɗaya, wanda ya saba da tuwon dawa ya koyi cin garin rogo da manja. A bakin wannan tukunya, da hirar dare bayan an sallami fareti, harshe ya fi yaɗuwa, fiye da yadda ya yaɗu a bakin samanja.

4.0 Harshen Sansani

Tun zamanin Lugga Hausa ce harshen runduna, har a bataliyoyin Gwalkwas, kuma ana bukatar hafsa Bature ya ci jarrabawarta. Yaƙi ya girgiza wannan matsayi. An kwararo da sababbin hafsoshi da ba su da lokacin koyo, cikinsu har da 'yan Folan da aka aro a 1941, waɗanda Ingilishin ma bai zauna a bakinsu ba. An kuma ɗebi 'yan Kudu masu ilmin boko a matsayin direbobi da akawuna da ma'aikatan asibiti da na sadarwa. Saboda haka hukuma ta mayar da Ingilishi harshen aiki, aka buɗe azuzuwan koyar da shi. Sai dai umurnin ofis bai kai cikin bukka ba. Can Hausa ta ci gaba da aiki, amma a wata siga sassauƙa da ake kira Barikanci, wadda ba ta damu da bambancin jinsi ba, mace da namiji duk "ya zo", kuma ƙ da ɗ da ɓ sukan koma k da d da b.

An saba yi wa Barikanci kallon gurɓatacciyar Hausa, kuma wannan raini ya jawo asara, domin ba a naɗi maganar mazan jiya yadda ya kamata ba, ga shi kuwa kusan duk sun kau. Abin da ya rage a hannu shi ne kalmomin da bariki ya ba daidaitacciyar Hausa. Wasu sun girmi wannan yaƙi, amma dawowar sojoji a 1946 ta kai su ƙauyuka. Kurtu da kofur da saje da samanja da hafsa duk sun nuna hanyar da aron ya bi: ta kunne aka ɗauke su, ba ta takarda ba. Shi ya sa aka sa wasali a tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, aka datse ƙarshen kalma, aka kuma dunƙule kalmomi biyu na Ingilishi suka zama samanja. Jam'insu ma ya bi ƙa'idar Hausa tsaf, kamar kurata da hafsoshi, abin da ke nuna cewa Hausawan asali ne suka karɓe su daga bakin 'yan bariki suka yi musu gida.