Daga rajistar majo zuwa allon kwamfuta: tarihin DHIS2 da ƙidayar lafiyarmu

Wanda ya taɓa kai yaro CSI ya ga majo na rubutu cikin babbar rajista: shekarun yaro, ƙauyensu, ciwon da ya kawo shi. To ina wannan rubutu yake zuwa? Yau tarihinsa za mu bi.

A da, ƙarshen lokaci majo zai zauna ya ƙirga da hannu: masassara nawa, tamowa nawa, mata nawa suka zo awon ciki. Ya cika takardar rapor, a kai distirik, daga nan ofishin lafiya na jiha, sannan Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1,300 daga Diffa. Kafin manya su ga lissafin, wani lokaci damina ta wuce, sauro ya gama ɓarnarsa.

Maganin ya faro daga nesa, Afirka ta Kudu. Bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994, masana na jami'ar Western Cape da jami'ar Oslo ta ƙasar Norway suka haɗa kai, suka ƙirƙiro manhajar DHIS don kowace gunduma ta riƙe lissafin lafiyarta. Ta farko kan Microsoft Access take aiki, kwamfuta ɗaya ɗaya. Daga baya aka sake gina ta don ta bi intanet, aka sa mata DHIS2. An fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, Kenya ta shimfiɗa ta a duk ƙasarta a 2011. Yanzu ƙasashe fiye da 70 ke amfani da ita, har da Najeriya da Nijar tamu, wadda ta rungume ta wajen 2017.

Aikinta fa? Ana shigar da alƙaluman kowace CSI cikin rumbun bayanai guda. Likitan distirik zai tambaye ta, misali, masassarar watan Satumba a Maine Soroa ko N'Guigmi, nan take ta fito masa da jadawali, zane ko taswira, ya kwatanta bana da bara.

Abu na biyu, buɗaɗɗiyar manhaja ce. Wato rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na iya dubawa ya gyara, babu kuɗin lasisi kowace shekara. Ga ƙasa mai ƙaramin ƙarfi wannan ba wasa ba ne. Amma kyauta ba ta nufin babu ɗawainiya: sai da kuran, da rezo, da horar da ma'aikata.

Mu nan mun san darajar ƙidaya. Tun harin Diffa da Bosso na Fabrairun 2015, da na Bosso a Yunin 2016, dubban mutane suka baro gidajensu suka zauna bakin titin RN1, har Gagamari. A Afrilun 2017 hukumomi suka sanar da ɓarkewar ciwon hanta nau'in E a jiharmu, wanda ya fi yi wa mata masu ciki illa. A irin wannan hali, ƙauyen da ba ya cikin lissafi, da wuya magani ya iske shi da wuri.

Shi ya sa nake cewa, kwamfuta abin da aka ba ta shi take mayarwa. In an haihu a gida ba a sanar ba, in yaro ya yi ƙyanda aka ɓoye shi a ɗaki, allo a Yamai zai nuna lafiya lau, alhali mu mun san ba haka ba ne. Don haka iyaye, ku kai yara CSI, ku adana katin rigakafi. Majo kuma, Allah ya saka da alheri, a rubuta gaskiya, a aika kan lokaci.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.