Raket ɗin Badminton: Daga Katako zuwa Kabon

Raket ɗin nan mai araha da yaranmu na Limawa ke saya biyu a jaka ɗaya, kansa alminiyam, wuyansa ƙarfe, bai cancanci rainin da ake yi masa ba. Da ƙira irin tasa gwanayen duniya suka yi ta cin kofi a shekarun 1970.

Hafsoshin sojan Ingila ne suka tsara wasan a garin Poona na Indiya wajen 1870, suka kai shi gida, ya ɗauki sunan Badminton, wani gidan sarauta a Gloucestershire. An kafa hukumarsa ta duniya a 1934, amma bai zama cikakken wasa a Olamfik ba sai 1992, a Barcelona. Kusan shekara ɗari cikin wannan tafiya, da katako ake yin raket.

Na taɓa riƙe na katakon. Na wani malaminmu ne da aiki ya kawo shi Dutse bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, kuma tun yana ɗalibi yake tare da shi. Idan an tashi wasa sai ya sa kan raket ɗin tsakanin wasu filanki, ya ɗaure da kusoshi masu murɗawa, domin katako na karkacewa idan ya sha laimar damina sannan hunturu ya busar da shi. Ga nauyi, kafin a kira magariba wuyan hannu ya yi tsami.

A shekarun 1960 kamfanin Carlton na Ingila ya fito da raket na ƙarfe, Yonex na Japan ya biyo da alminiyam. Kabon ya karɓe fage a shekarun 1980, ana ƙera kai da wuya a haɗe, nauyi ya sauko ƙasa da giram 90.

Idan yaro ya tambaye ni wanne zai saya, nakan ce ya fara duba mahaɗar kai da wuya. Nan mai araha yake fara kwancewa, don haka ya murɗa ta a hankali tun a gaban mai shago. In aljihu ya kai ga na kabon, ya nemi mai alamar 4U, wato giram 80 zuwa 84, kuma kada a ja masa zare da tauri irin na gwanaye. Sunan babban kamfani a jikin raket mai arhar banza kuwa, jabu ne.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaro ya zuba kuɗinsa duka a raket ya manta da ƙwallo. Mai gashin tsuntsu 16 ba ya jure bugun ɗan koyo, yakan tsittsinke a yammaci ɗaya. Ya rage wani abu ya sayi na roba, shi ne zai kai shi makonni.