Yadda Kayan Sabar Suka Koma Kwamfutar Wasanni

Sabar, wato kwamfutar da ke aiki dare da rana a manyan rumbunan bayanai domin biyan bukatun dubban masu amfani da intanet, ba a ƙera ta don wasa ba, amma al'adar kamfanoni ta sauya injinansu bayan 'yan shekaru ita ce ta cika kasuwar gwanjo da kayanta. Al'amarin amfani da kayan a kwamfutar wasanni ya fara bunƙasa ne lokacin da masu gyara suka gano cewa furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa lissafin kwamfuta, samfurin Xeon mai mazaunin LGA 771, tana iya zama a mazaunin LGA 775 na kwamfutar gida idan aka manna mata ɗan siririn tef da ke musanya mahaɗai biyu, aka kuma yanke ƙananan haƙoran robar mazaunin.

Wajen 2016 ne harkar ta kankama, sa'ad da Xeon E5-2670 mai cibiyoyin aiki takwas, wadda Intel ta fitar a 2012 a kan fiye da dala 1,000, ta koma ƙasa da dala 100 a eBay. Kamfanonin Sin irin su Huananzhi suka shiga ƙera allunan da ke ɗaukarta, suna sayarwa ta AliExpress, abin da ya samu karɓuwa sosai a Rasha da Brazil, inda sababbin kaya ke tsada.

Dabara ce da ta cancanci yabo, ko da yake injinan na shan wuta, kuma Windows 11 na 2021 bai amince da waɗannan tsofaffin furosesa ba a hukumance.